Lambun Tayoyin Baba Mai Faci

Na daɗe ina jinkirin rubuta labarin nan. Inda na yi karatu, nesa da gida, na ga mutane suna shuka ganye a bakin taga da kan baranda, na kuma dawo da tunanin cewa wannan sha'awa ce ta wanda ba shi da damuwa, domin abin da zai tsinka a wata guda bai kai gyaran da mai kayan gwari zai ƙara masa ba. Ga shi ni kaina ko albasa ban taɓa shukawa ba. Mutumin da nake son ba da labarinsa kuma ba gwanin lambu ba ne, in gaskiya za a faɗa lambun ne ya yi ta wahalar da shi. To amma katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajeriya kuwa, kuma bazara guda na yi ina jin muryarsa yana faɗa da tumatir kamar da mutum. Abin da ban gani ba, shi da matarsa ne suka cike mini daga baya, kowa yana gyara wa ɗan'uwansa zance.

Baba Mai Faci ake ce masa, ko jikokinsa ba su damu da neman wani sunan ba. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa kamar ƙasan takalmi. Tun yana saurayi yake da rumfa a bakin babban titi, da injin iska mai yin tari kafin ya tashi, da daron ruwa baƙi ƙirin wanda ake tsoma tub a ciki a nemi inda kumfa ke fita. Da wannan rumfar ya yi aure, ya gina gida ɗaki-ɗaki, ya sa yara makaranta. Babban abin alfaharinsa shi ne ba a kawo masa taya ya ce a yar. Mai mota zai ce, “Baba, wannan ai ta mutu,” shi kuwa ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, “Kai dai ka gaji da ita.”

Sai aka zo faɗaɗa titi, aka tashi rumfunan bakin hanya gaba ɗaya. Daidai lokacin ne bayansa ya fara ƙin sunkuyo, 'ya'yan suka haɗa baki suka ce ya huta haka nan. Injin ya bar wa wani abokin sana'a, amma tsofaffin tayoyin da ya tara a bayan rumfa ya ce duk inda za shi da su za shi. Aka jibge su a kusurwar tsakar gida, gefen ƙofa, inda rana ke wuni.

Hutun bai karɓe shi ba. Da sassafe zai sa rigar aikinsa mai maiƙo, ya fito da benci ƙofar gida, ya zauna yana kallon ƙafafun motocin da ke wucewa. Can sai ya zabura ya miƙe: “Kai! Ta baya ta yi laushi!” Yawancinsu su zaci gaisuwa ce, su ɗaga masa hannu su wuce. A cikin gida kuma Inna, matarsa, ta sa tayoyin a gaba.

“Malam, waɗannan baƙaƙen 'ya'yan naka ɓeraye da sauro kawai suke tara mana. Ko ka fitar da su, ko ka nema musu aikin yi.”

Ya nema musu kuwa. Sanyi na gab da wucewa ya yanke wa kowace taya gefe ɗaya ta buɗe baki, ya yi mata gindi da shimfiɗar roba saboda ƙasan gidan tsakuwa ce zalla, ya sa aka turo masa ƙasa da taki a baro. Mai sayar da iri a kasuwa ya ƙulla masa alayyahu da tumatir da kuɓewa da barkono, ya kuma ja masa kunne a kan abu ɗaya: ya huda kowace taya ta gefe, can ƙasa, zagaye, don ruwa ya samu hanyar fita.

“In huda?” in ji Baba.

“Ka huda.”

“Taya? Da hannuna?”

Inna ta ce ranar wuni ya yi yana zagaya tayoyin da ƙusa a hannu, kamar wanda aka ce ya yanka akuyar da ya yi kiwo tun tana 'yar ƙarama. Daga ƙarshe dai ya huda, yana yi yana tsaki.

Farkon abin daɗi ya yi. Alayyahu ya fito ya cika tayoyinsa, kore shar, har ana miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. Tumatir ya tashi, kuɓewa ta buɗe ganye, barkono ya biyo a hankali kamar mai jin kunya. Benci ya bar ƙofar gida ya dawo gefen lambu. Baba ya daina tare motoci. Duk baƙon da ya shigo, kafin a ba shi ruwa sai an zagaya da shi taya-taya, ana gaya masa wacce ce ta babbar mota, wacce ce ta bas, wacce ce ya yi wa faci har ta ƙoshi. Reshen tumatir in ya karye ba a cire shi, Baba zai yanko siririn tub ya naɗe shi da tsinke, ya ce a ba shi kwana biyu.

Ana cikin haka babban ɗansa, wanda kowa ke kira Direba, ya samu motar haya ta kansa. A gidan yake zaune da iyalinsa, motar kuwa a titi take kwana. Wata safiya ya shigo ransa a ɓace, ya tsaya a kan Baba yana ban-ruwa.

“Baba, wurin nan nake so a zuba wa siminti kafin ruwa ya sauka, a buɗe ƙofa mota ta riƙa shigowa. Jiya ma an ɓalle mini madubi. In damina ta kama, layin nan taɓo ne har gwiwa.”

“Wane wuri?”

“Inda tayoyin nan suke.”

“Ba tayoyi ba ne, lambu ne. Ko idon naka ma sai an ba shi iska?”

“Haba Baba, da motar nan fa ake cefane.”

“Da wannan ma ake ci. Tambayi uwarka, alayyahun wa ka ci jiya?”

Inna tana bakin famfo tana wanke-wanke. Ba ta son ta ɓata wa ɗanta, ba ta kuma manta watannin benci a ƙofar gida ba. Ta ɗauraye hannu, ta ɗaga kwanon da take zuwa cefane da shi, mai zanen fure a jiki.

“Alayyahu ko a bayan banɗaki fitowa yake, Malam, kada ka cika mana baki da shi. Ga kwanona. In kafin ruwan farko ka cika shi sau ɗaya da tumatir da kuɓewa da barkonon tayoyinka, mota ta nemi wani wurin kwana. In bai cika ba, birkila ya shigo. Kun yarda?”

Direba ya ce ya yarda. Baba ya dubi kwanon ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

“Wannan ɗan abin? Innarsu, ki nemo daro tun da wuri.”

Sai bazara ta shigo da ƙarfinta. Da safe lambu yana tsaye ƙyam, kafin azahar duk ya sunkuyar da kai, da yamma ya ɗan farfaɗo kamar ba shi ba. Tumatir ya yi fure, Baba ya kira kowa ya zo ya gani, bayan 'yan kwanaki furen ya zube a gindi. Ya sake yin wani, ya sake zubewa. Ƙadangaru suka gano hanya, suna bin ƙananan ganye. Kajin wani maƙwabci suka shigo ta magudanar ruwa suka tone taya guda, Baba ya bi su da sanda har bayansa ya riƙe, ya wuni a kwance yana ba da umarni daga tabarma. Ya rufe lambun da tsohon gidan sauro, iska ta ɗauke shi ta rataye a kan wayar lantarki. Ga famfo yau ya kawo, gobe ya ɗauke, har ya kai Baba yana rage ruwan wankansa.

Daga bayan katanga abin da ake ji kullum shi ne, “Me kuma na yi muku? Taki na ba ku. Ruwa na ba ku. So kuke in sa muku fanka?”

Duk da haka yaushin bai daina ba. Baba ya zauna ya yi wa matsalar kallon da ya saba yi wa matsala. A saninsa, abu in ya yi laushi to yana yoyo ne, aikin mai hankali kuma shi ne ya nemo inda yake yoyon. Ya cika bokiti ya juye a tayar tumatir, ya durƙusa da ƙyar, ya kwantar da kai yana kallo. Ai kuwa sai ga ruwa yana tsiyayowa ta hujin nan da aka sa shi ya yi, yana bin tsakuwa yana tafiya abinsa.

“Na faɗa!” Ya buga cinya. “Innarsu, zo ki gani! Ni ina zubawa, mai irin nan yana kwashewa. Mutumin da bai taɓa riƙe taya ba shi zai koya mini taya?”

Ranar ya ɗauko jakar kayan aikinsa da ta daɗe a ƙarƙashin gado. Ya kankare bakin kowane huji, ya shafa gam, ya hura, ya manna faci, ya daddanne da gindin guduma. Inna ta ce tun da aka tashi rumfa ba ta ga fuskarsa ta washe haka ba, har 'yar waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Da ya gama ya sake zuba ruwa, ko ɗigo bai fita ba. Ya ƙara da ban-ruwan tsakar rana, tunda a lokacin ne suke yaushi.

Abin sai ya ƙara lalacewa. Ganyen ƙasa ya koma rawaya. Yaushin da da yake sakin su da yamma yanzu ya kwana ya tashi da su. Barkono ya zubar da ganye ya tsaya tsirara. Baba ya zargi iri, ya zargi taki, ya zargi ruwan famfo, ya zargi idon mutane, har ya daina zagayawa da baƙi. Direba kuwa in zai fita sai ya rage tafiya a gefen lambun yana kallonsa, wannan kallon kuma ya fi komai ƙona wa Baba rai. Da yamma hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa.

Wata rana da azahar Baba ya fito daga ɗaki ya tarar da tsummoki a shimfiɗe a kan bakin tayoyinsa.

“Innarsu! Wa ya ce ki mayar mini da lambu igiyar shanya?”

“Tsumman goge tukunya ne kawai, Malam, yanzu zan kwashe. A nan kafin ka juya ya bushe. Tayoyin nan naka da rana ai sun fi dutsen guga.”

Ya buɗe baki zai ci gaba da faɗa, sai ya tsaya.

“Tun yaushe kike shanya a nan?”

“Tun da zafi ya shigo mana.”

Ya ɗora tafinsa a jikin taya. Hannun da ba ya jin ƙaya, sai da ya janye shi. Ya san wannan zafin. Shi ne na tayar babbar mota da ta sha doguwar hanya ta tsaya a rumfarsa da tsakar rana, wadda yakan ce wa mai ita, “Bari ta huce tukuna, ba na taɓa wuta.” Ya faɗi haka sau ba adadi a rayuwarsa. Ya tura hannu cikin ƙasar har wuyan hannu, ya ji caɓi mai ɗumi kamar ruwan wankan jariri, wani tsami ya bugi hancinsa. Ya kama tumatir guda ya ja, ya fito ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana saɓulewa a yatsa.

Ya daɗe a tsugune da shi a hannu.

“Dafa su nake yi,” ya ce. “Na toshe tukunya, na zuba ruwa, na ɗora a rana.”

“Ayya, Malam.”

“Ke da kin san suna zafi haka, me ya hana ki faɗa?”

“Ni dai na san tsummana yana bushewa. Kai ne masanin taya.”

Ya miƙe ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa. Nan ma wani baƙin cikin yana jiransa, domin facin aikin hannunsa ne, ba ya ɓallewa da daɗi. Ya ja da farce, ya ja da filaya, ko gezau. Sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fasawa da wuƙa, ruwa mai wari yana bulbulowa kan ƙafarsa. Washegari ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe tayoyin fari fat, ya kafa sanduna ya yi musu rumfa da buhuna, ya daina ban-ruwan rana. Jikokinsa suka ce lambun Baba ya zama asibiti.

Tumatir yawanci ya riga ya tafi. 'Yan kaɗan da ke kusa da katanga, inda inuwa ke fara sauka, su ne suka riƙe 'ya'ya ƙanana kamar ƙwallon wasan yara. Kuɓewa ce ta nuna tana da rai, ta yi sabon ganye, ta yi fure, ta fara fitar da 'yan yatsu. Baba yana duba ta da safe, yana duba sama da yamma. Mutumin da duk unguwa ke roƙon ruwa saboda zafi, shi kaɗai yake kallon hadari yana cewa, “Ɗan dakata mana. Ina kake sauri?”

Bai dakata ba. Wata la'asar iska ta taso ta kwashe buhunan, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, yara suka fita suna tsalle. Baba yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki yana kallon farar ƙasarsa tana wankewa tana bin magudana.

Da safe ya fito da tsohuwar hularsa ya tsinke duk abin da za a iya kira amfani, har da tumatirin da bai gama nuna ba. Direba yana tsaye da makullin mota a hannu. Inna ta fito daga kicin da kwano mai zanen fure, ta ajiye a ƙasa ba ta kalli kowa ba. Direba ya dubi kwanon, ya ɗaga kai yana nazarin sama. Baba ya juye hular. Kwano ya cika, har wata kuɓewa ta gangaro.

“To, ya cika,” in ji Inna da sauri. “Magana ta ƙare.”

Baba ya sunkuya ya ɗauki kwanon, ya juya shi a hannu kamar yadda yake juya taya.

“Wannan ba shi ba ne.”

“Shi ne mana. Ga furensa nan.”

“Ƙanensa ne. Na cefanenki yana da loɓawa a gefe, ni na buga miki ita da guduma ranar da ya faɗo daga kan kanta.”

“Wanki ne ya sa ya tsuke, Malam.”

“Innarsu.”

Ta yi tsaki, ta koma kicin ta ɗauko na gaskiyar ta dangwarar. Ya juye. Kayan suka baje a gindi, ko rabi ba su kai ba. Ya ɗan girgiza kwanon, kamar hakan zai ƙara musu yawa.

Direba ya sosa ƙeya. “Baba, a bar shi zuwa baɗi mana. Zan yi magana da mai gadin gidan mai, ko a can...”

“Kira birkila.”

“Baba, ai ba...”

“Na ce ka kira shi. Ko kunnen naka ma sai na yi masa faci?”

Baba da kansa ya zazzage tayoyin, bai yarda kowa ya taya shi ba, ya gangara da su waje ɗaya bayan ɗaya yana tsayawa yana dafe baya. Aka fasa gefen ƙofa, aka zuba siminti, kwana biyu Baba yana ɗaure wa kowa fuska a gidan. Kuɓewar da ya tsinka Inna ta yi miya da ita, ya ci ya ce gishiri ya yi yawa.

Yanzu mota tana kwana a inda lambu yake. Tsakanin hancinta da katangarmu akwai wani ɗan tsukin wuri da birkila ya bari, inda rana ba ta zuwa sai da hantsi. Nan Baba ya lallaɓa ya jera 'yan tayoyin da suka samu shiga, ya sake shafe su da fari, ya huda su da kansa, manyan huji wannan karon. Kuɓewa ce a ciki, da wani tumatir guda da aka naɗe wa ƙugu da tub. Kullum da safe kafin ya duba su sai ya zagaya motar, ya daddanna tayoyinta da babban yatsa, ya ƙwala wa Direba kira cewa ta gaba ta hagu tana cin gefe ɗaya kuma shi ba ruwansa.

A irin wannan safiyar ce na leƙa ta kan katanga, na gaishe shi, muka taɓa zancen ruwa da na ƙadangaru. Sannan na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

“Baba, ranar da Inna ta kawo ƙaramin kwanon nan, Direba ma ya gani ya kau da kai. Me ya hana ka yin shiru? Da yanzu lambunka yana nan.”

Ya ajiye gwangwanin ban-ruwa, ya waiga wajen kicin, ya rage murya.

“Shiru? Kai ba ka san ta ba. Da na yi shiru, duk ranar da na ɗaga murya a gidan nan ba za ta ce mini komai ba, ɗan kwanon nan kawai za ta ɗauko ta ajiye a gabana ta wuce. Har in mutu. A'a, ɗana, gara simintin.”